Wayoyin da Suka Yi Barci a Tajaye

In ka shiga Birnin Konni ka tambayi Labo injiniya, sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Labo mai caji, ko ɗan kabu-kabun da ya zo garin jiya zai kai ka har bakin rumfarsa, can bayan tasha inda masu albasa ke sauke buhuna. Shekara bakwai ke nan rabonsa da sana'ar caji, sunan dai ya ƙi sakinsa, shi kuma bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce ai cajin ne ya yi masa aure.

Mutumin Tajaye ne, ɗan Mati manomi. Gajere ne, mai ɗan gemu, kullum cikin sauri kamar an aike shi. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji biyu na kwaleji, malamai kuma na yabon kansa. Abin da ya fitar da shi ba wasa ba ne, ruwa ne. Shekarar da yake da sha huɗu aka yi ruwan farko da wuri, ƙasa ta yi ƙamshi, Mati ya ɗauki sungumi ya shuka gonarsa kaf. Ruwa ya ɗauke kwana ashirin, tsiro ya ƙone. Aka sake wani, ya sake shukawa, ya sake ƙonewa. Karo na uku babu ƙwayar iri a gidan, sai Delu, ƙanwar Mati, ta raba nata biyu ta ba shi rabi. Wannan ya tsira, amma lokaci ya riga ya ƙure, abin da suka ɗaure da kaka bai kai su tsakiyar rani ba. Labo ya rataye jakar lakwal ya bi manya ci-rani. Har yau in ya tuna ubansa tsugune a gona yana tona rami yana duba irin da ya mutu, sai ya canza hira.

A Abijan ya yi dako, ya yi tallar ruwa, daga baya ya samu wurin zama kusa da wani mai gyaran waya, yana miƙa masa kayan aiki yana satar kallo. Da ya dawo gida ya kafa teburin caji a kasuwar Tajaye, da batirin mota ɗaya da wayoyin wuta kamar saƙar gizo. Daga nan ya koma Konni yana gyara. Wani ma'aikaci da aka yi wa canjin gari ya sayar masa da tsohuwar kwamfuta, to nan fa Labo ya haukace. In babu mai gyara, yana duƙe kanta yana koyon rubuta manhaja, da Faransancinsa na aji biyu da taurin kai irin na gidansu. Matarsa Nasiba takan ce in tana son ya ji maganarta sai ta rufe murfin abin nan tukuna.

Shekara uku yana fama kafin ya fitar da abin da yake so. Manhajar ba ta da wani ado. Malaman lakwal na ƙauyuka tara, daga Tajaye zuwa Dogarawa zuwa Alela, kowanne yana da ma'aunin ruwa a filin makaranta. In an yi ruwa, da safe malami ya duba, ya aika da lambar milimita nawa aka samu. Ɗan gajeren saƙo ya shiga wayoyin manoman yankin, manhajar ta karɓe shi, ta faɗa da murya, da Hausa, da muryar Labo kansa: ga abin da ya zuba, ya kai na shuka ko bai kai ba. Iyakar ruwan shuka da ake aiki da ita ma'aikacin gona ne ya ba shi. Ba ya duba, ba ya faɗin gobe. Da wani dattijo ya tambaye shi ko yanzu shi ke raba ruwa, cewa ya yi ruwa na Allah ne, shi dai wanda ya riga ya sauka yake faɗa.

Damina biyu abin ya yi aiki, waya ta kai ɗari huɗu. Cikin masu ita har da Gwaggo Delu, wadda yanzu ta tsufa, mijinta ya rasu, tana zaune a wata tunga gabas da Tajaye. Ita ce ke riƙe da irin hatsin gidansu, wanda kakanni suka bari, mai gajeren zangarniya mai jure ƙishi. Bara tsutsa ta yi mata ɓarna, abin da ta iya ware wa iri tiya uku ne cif, na shuka ɗaya, babu na biyu. Ɗanta Mustafa da ke aiki a arewa ya aiko mata da sabuwar waya, Labo ya saka mata manhajar da hannunsa. Ranar ta ce masa, a gaban maƙwabta, ba za ta saka ƙwaya ɗaya a ƙasa ba sai wayar ta yi magana. Wanda ya san Delu ya san in ta faɗi abu, to an gama.

Cikin bazarar bana aka aiko masa da takardar gayyata. Wata ƙungiyar masu rubuta manhaja ta shirya horo na kwana biyar nan Konni, saboda tsarin da ke tafiyar da wayoyi ya fito da sabon zubi. Tsarin nan shi ne maigidan waya, kowace manhaja baƙuwa ce a gidansa, in ya canza doka dole baƙi su bi. Labo ya so ya ƙi zuwa. Ya ce kwana biyar rumfa a rufe, kuma me zai je yi cikin 'yan jami'a. Nasiba ta wanke masa riga, ta goge, ta rataye a bakin ƙofa. Ya je.

Zauren wani buro ne, wato ofis, fanka biyu, ɗaya ce ke juyawa. Su goma sha shida ne, yawanci samari da 'yan mata daga Tawa da Maraɗi da Dosso, kowa da kwamfutarsa mai sheƙi. Ta Labo kuwa murfinta ya karye, sai ya jingina shi da gorar ruwa, batirin ya mutu tuntuni, don haka ya nemi kujerar da ke kusa da bango inda wuta take. Kafin azahar ta farko yaran sun raɗa masa Baba Labo. Mutum mai shekara talatin da tara! Ya haɗiye, amma abin ya yi masa ɗaci.

Mai koyarwar Madam Rashida ce, doguwa mai tabarau, 'yar Damagaram da ke zaune a Yamai. Takan fara da Faransanci, in ta ga fuskoki sun yi tsami sai ta zame zuwa Hausa. Kwana biyun farko an yi su ne kan sababbin launuka, da yadda sanarwa ke fitowa, da yadda manhaja za ta nemi izinin mai waya kafin ta taɓa hoto ko saƙo. Labo na rubutawa a littafin lakwal mai layi. Sau huɗu wuta ta ɗauke, sau huɗu kwamfutarsa ta mutu da aikinsa a ciki, sau huɗu ya sake daga farko yana ƙunƙuni.

Rana ta uku da hantsi Madam Rashida ta zo kan abin da ta kira barcin manhaja. Ta ce sabon zubin yana lura da manhajojin da ba a buɗewa. Wadda ta daɗe ba a taɓa ta ba, sai ya kwantar da ita, ya karɓe duk izinin da aka ba ta, ba za ta ƙara jin saƙo ko ta yi motsi ba har sai mai wayar ya buɗe ta da kansa. Ta ce wannan na rage cin batiri, yana kuma kare mutane daga manhajojin da ke laɓe suna leƙe. Yaran suka yi ta gyaɗa kai, abin ya burge su, kuma gaskiya dabara ce mai kyau. Labo ne kaɗai ya daina rubutu. Ya ɗaga hannu, karo na farko tun da aka fara.

"Madam, wata nawa ke nan?"

"Kamar wata uku, Malam Labo. Manhajar da aka yi wata uku ba a buɗe ba, ai mai wayar ba ya bukatarta."

"Yana bukatarta," in ji Labo. "Damina ce ba ta zo ba."

Wasu suka yi dariya. Shi kuwa yana ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur. Tun da aka yi girbi babu dalilin da zai sa manomi ya buɗe manhajar ruwa. Wata shida ke nan, har da ɗoriya. Kuma sababbin wayoyin da 'yan ci-rani suka kawo bara, da waɗanda suka sabunta kansu a birni, ba za su kasa rabin ɗari huɗun nan ba. Ta Gwaggo Delu na ciki, shi ya ɓare ta daga kwali.

Madam Rashida ta ce ya kawo manhajar a gwada. Aka saka a wayar gwajinta, ta kwantar da ita da gangan kamar yadda tsarin zai yi, ta ajiye a kan tebur. Labo ya aika da saƙon ruwa. Shiru. Ya sake aikawa. Ya aika na uku, zufa na bin gemunsa, wayar na nan kwance kamar dutse. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun yana yaro. Da a ce manhajar za ta faɗi ƙarya ne, da mutane sun gane sun watsar. Amma shiru za ta yi, shirun nan kuma a wurin Gwaggo yana nufin ruwan bai kai ba tukuna. Za ta zauna da tiya ukunta tana jira har damina ta wuce ta.

Wani saurayi daga Dosso ya ce ai da sauƙi, ya gyara ya tura sabon zubi ta intanet, ya kuma rubuta gargaɗi a fuskar manhajar. Labo ya dube shi, ba da fushi ba. Ya ce mutanensa ba sa sayen intanet, daga waya zuwa waya aka raba manhajar a gindin bishiya, kuma cikin goma da wuya a samu biyu masu karanta boko. 

Da aka tashi cin abinci Madam Rashida ta ɗauko farantinta ta zauna kusa da shi. Ba ta lallashe shi ba. Ta faɗa masa a fili cewa babu wata hanya daga nesa, dole yatsa ya taɓa kowace waya. Abin da za ta iya shi ne ta rage masa wahala. Akwai hanyar da manhaja za ta tambayi tsarin ko yana shirin kwantar da ita, ta kuma kai mutum kai tsaye wurin maɓallin da ke hana barcin, maimakon ya yi ta yawo cikin shafuka tara. Sauran kwana biyun a kan wannan suka ƙare. Ta ba sauran yaran aikin da za su yi, takan zagayo ta tsaya a kansa ta nuna layi da biro ta ce nan ka yi kuskure. Saurayin Dosso, Allah ya yi masa albarka, ya ba shi aron kwamfutarsa don kada wuta ta ƙara cinye masa aiki. Da tsakar rana Labo ya shiga motar Madam ya rufe gilashi don ya samu shiru, ya ɗauki muryarsa yana cewa danna kore, yanzu danna na ƙasa, madalla, ta farka. Ya fito jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Danna tara ta koma uku.

Ranar ƙarshe, kafin a raba takardun shaida, Madam Rashida ta sa shi ya tsaya gaban allo ya zana musu shekarar manomi, daga sharar gona zuwa girbi zuwa ci-rani. Ta ce za ta ƙara wannan a horon da za ta yi a Maraɗi: kafin ka rubuta layi ɗaya, ka tambaya sau nawa a shekara mutum zai buɗe abinka. Yaran suka tafa. Baba Labon ma a ranar bai yi masa ɗaci ba.

Saura aikin gaske: waya ɗari huɗu, ƙauyuka tara, ga gabas ta fara haɗa gira. Amma Labo na da dabararsa, kuma yana alfahari da ita. A karkara kowace waya sai ta bi ta hannun mai caji ranar kasuwa. Masu caji bakwai ne a yankin, duk ya san su. Zai ba su sabon zubin, duk wayar da ta zo su saka mata, su danna uku ɗin nan, an gama.

Ya fara da Takama, wanda ya gaji teburinsa a kasuwar Tajaye, ƙaton mutum mai jinkirin magana. Takama ya saurare shi har ƙarshe yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce ba zai yi ba.

Dokar masu caji ke nan, kuma kowa ya san ta. In an kawo waya, a kashe ta a gaban mai ita, a manna mata lamba, a jona. Mai caji ba ya kunna wayar mutane, ko da kuwa tana ci da wuta. Cikin wayoyin nan akwai muryoyin mazan da suke Abijan da Agadas, da amsoshin matansu, da kukan wanda ci-rani bai karɓe shi ba yana roƙon kada a faɗa wa uwarsa. Mai cajin da aka ce ya taɓa leƙawa, gara ya naɗe teburinsa ya bar garin. Labo ya ɗaga murya, ya kawo maganar iri, ya kawo maganar yunwa, har ya ce Takama ba shi da tausayi.

"Kai ka koya mini," in ji Takama. "Ranar da ka bar mini teburin nan har rantsuwa ka sa na yi. Ko ka manta?"

Bai manta ba. Kunya ta rufe shi, don ya san da wani ne ya zo masa da wannan magana shekara goma baya, da ya kore shi. Ya koma gindin dogonyaro ya zauna, ya zuba wa teburin ido yana jin haushin kansa da na Takama da na wanda ya ƙirƙiro barcin manhaja gaba ɗaya.

Da la'asar masu waya suka fara zuwa karɓa. Wata mata ta miƙa lambarta, Takama ya ba ta wayarta, ta tsaya nan gabansa ta kunna ta duba ko ta cika. Wani tsoho ya zo, shi ma haka. Na uku, na huɗu, duk haka, don babu mai tafiya da waya bai tabbatar an cika masa ba. Labo ya yi shekara biyar a bayan teburin nan yana ganin wannan kullum, bai taɓa ɗaukar shi a bakin komai ba. Ashe ga lokacin nan: waya a kunne, a hannun mai ita, ga mai caji tsaye.

Ya koma wurin Takama, wannan karon a hankali. Ya ce ba sai ya taɓa wayar kowa ba. Daga tasa wayar zai tura, mai waya ya karɓa da yatsansa, muryar ta gaya masa inda zai danna, shi Takama hannunsa na baya. Takama ya tauna gyaɗarsa ya yi tunani mai tsawo. Ya ce layi zai yi tsawo, mutane za su zage shi. Sannan ya ce shi ma dai yana da gona, ya miƙo wayarsa.

Mako uku Labo na kan babur. Dogarawa, Alela, ƙananan kasuwannin da ke tsakani, yana koya wa masu caji, yana shan rana har fatar hancinsa ta saɓule. Layi kuwa ya yi tsawo, an kuma yi zagin, amma an yi dariya fiye da zagi, don duk kasuwar sai ka ji muryar Labo daga wayoyi biyar a lokaci ɗaya tana cewa madalla, ta farka. Yara suka mayar da ita waƙa. Takama na jan layi da gawayi a bangon rumfarsa, kowace waya layi ɗaya, har bangon ya yi baƙi.

Ranar kasuwa ta huɗu Labo ya dawo Tajaye yana jin ya gama. Yana shan ruwa Takama ya tambaye shi, kamar ba komai, ko ya je wurin gwaggonsa. Ya ce wayarta ba ta zuwa nan, tun da Mustafa ya aiko mata da ɗan faifan rana mai ba da wuta take cajinta a gida. Labo ya ajiye kofin. Saboda ita ya yi duk wannan wahala, ya bi wayar bare ɗari uku da wani abu, tata ce kaɗai bai bi ba, don ya ɗauka ta biyo ta teburin kamar kowa. Gabas kuwa ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ledoji. Ko sallama bai yi wa Takama ba ya tayar da babur.

Ya same ta a tsakar gida tana gyara ƙotar sungumi. Wayar na rataye cikin 'yar jaka a jikin ginshiƙin rumfa, inda kunnenta zai ji. Bayan gaisuwa ta ce masa kada ya damu, kullum tana ba ta rana ta ƙoshi, lafiyarta lau, ba ta dai yi magana ba tukuna. Labo ya durƙusa ya yi mata bayani, kansa a ƙasa.

"To da ba ka zo ba fa?" in ji ta.

"Da kin yi ta jira, Gwaggo."

"Da na yi ta jira kuwa," ta ce, ba tare da wani ɗaci ba. "Miƙo ta nan."

Ya tura mata daga tasa, ita ta riƙe tata. Yatsanta ya bushe ya tsage da aiki, gilashin ya ƙi jin sa, ta danna kore sau uku a banza. Ta yi tsaki, ta lasa yatsan, ta sake dannawa. Da muryar ta ce madalla, ta farka, Delu ta kalli wayar ta kalli Labo, ta ce to barka da tashi, ta mayar da ita jaka.

Hadarin ranar iska ce kawai. Bayan kwana huɗu aka yi ruwa da yamma, ƙasa ta yi ƙamshin nan mai ruɗin mutum. Da safe Malam Zakariya'u, malamin lakwal mai duba ma'aunin yankinsu, ya aika da milimita tara. Wayoyi suka ce ruwan bai kai ba. Wasu maƙwabta masu iri da yawa suka shuka duk da haka, suna tsokanar Delu da cewa ɗan ɗan'uwanta ya ɗaure ta. Ta ce eh, ya ɗaure ta, su gaishe da gona. Kwana goma sha biyu rana na dukan ƙasa. A Konni Labo ya kasa cin abincin kirki, yana gyara wayar mutane yana leƙen sama, har Nasiba ta ce in bai daina ba wuyansa zai karye. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya zama wannan taran ita ce rabon bana.

Rana ta goma sha uku, bayan la'asar, aka kira shi daga Tajaye ana ihu cikin ƙarar ruwa. Gari na wayewa ya hau babur, inda hanya ta yi laka ya sauka ya tura. Ya isa tungar rana ta ɗan ɗaga, wandonsa ja har gwiwa. Kowa ya fita, daga nesa kana hango mutane jere a gonaki suna sara suna zubawa. Delu kaɗai ce zaune a ƙofar gida, sungumi a kan cinya, tiya ukun a cikin ƙwarya an rufe da faifai, wayar na gefenta a kan tabarma.

Labo ya tona ƙasa da hannu, danshi ya wuce tsawon yatsunsa. Ya ce mata ta tashi, ai ga ƙasa ta sha, kuma muryar da take jira tasa ce, ga shi a gabanta da bakinsa yana cewa ta shuka.

"Kai ka auna?" in ji ta.

"Ban auna ba."

"To zauna."

Ya zauna. Shi ya koya mata. Kaji na tsattsage a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi yana addu'ar kada Malam Zakariya'u ya tsaya shan shayi, kada kuma wani layi da ya rubuta cikin zafin nan ya ba shi kunya. Bai taɓa jin minti ashirin masu tsawo haka ba. Can wayar ta yi haske, ta yi ɗan ƙara, sai ga muryarsa daga kan tabarma tana sallama, tana cewa ruwan jiya talatin da ɗaya ne, ya kai na shuka, Allah ya ba da damina mai albarka.

Delu ta ce amin. Ta dafa sungumi ta miƙe, ta miƙa masa ƙwaryar ya ɗauka, suka nufi gona tana gaba yana baya. A bakin gona ta ɗaga sungumin ta sara ramin farko, ta ja da baya. Labo ya miƙo mata ƙwaryar, ta ƙi karɓa.

"Kai za ka zuba," ta ce. "Irin gidanku ne. Yaya Mati sau uku ya yi, kai sau ɗaya za ka yi."

Ya tsunkuyi hatsin da yatsu uku kamar yadda ya ga ubansa na yi, ya zuba, ya rufe da diddige. Idonsa ya cika, bai ɓoye ba. Delu ta riga ta sara rami na biyu da na uku, ta waiwayo ta ce ya yi sauri, ƙasa ba za ta jira shi ba.